Koyon Zane Daga Fuskar Zaure

Kwaikwayo shi ne hanyar koyon zane mafi daɗewa. Tun kafin a buɗe makarantun koyar da zane a ƙasar Hausa, yaron magini yakan koyi adon bango ne yana tsaye bayan maigidansa, yana miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, idonsa na kan yatsun da ke yawo a jikin ɗanyen yaɓe. Sai ya daɗe a haka kafin a nuna masa wani lungu a ce ya maimaita abin da ya gani. Haka mai ɗinkin babbar riga yake farawa da aska biyu kafin ya taɓa aska takwas, haka kuma almajiri yake bin rubutun malaminsa a allo kafin ya iya ɗora alƙalami da kansa. Mai son koyon zane da fenti a yau, a kan takarda ko katako, yana iya bin wannan tsohuwar hanya: ya zaɓi aikin gargajiya guda ɗaya, ya sake gina shi tun daga tushe. Misalin da ya fi kusa da hannu shi ne adon da ake yi wa fuskar zaure a birane irin su Zariya da Kano da Damagaram.

Dalilin zaɓen wannan ado a bayyane yake. Launukansa kaɗan ne, kuma kowane launi yana zaune a gidansa, ba ya narkewa cikin na kusa da shi. Babu wahalar nuna nisa da kusa, wadda takan sa masu koyo da yawa su ajiye burushi tun a makon farko. Galibin siffofinsa layuka ne da da'irori da kusurwoyi, don haka wanda yake ƙyamar suranta mai rai saboda addini ba shi da abin da zai hana shi. Abin da ya fi waɗannan duka amfani shi ne, ado ne da ba ya rufa wa kuskure asiri. Dama da hagu daidai suke, saboda haka in hannu ya goce ko da kaɗan ne, ido zai kama shi nan take ba tare da malami ya yi magana ba.

Sanin aikin asali

Kafin a kwaikwayi abu sai an san yadda aka yi shi. Magina sun bi hanyoyi uku wajen ƙawata bango. Mafi tsufa ita ce a mulmula ƙasa da hannu a ɗora ta a kan yaɓe tun yana ɗanye, zanen ya fito tudu-tudu, sa'an nan a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Hanya ta biyu ita ce a ƙarce zanen a jikin yaɓe da wuƙa ko wani ƙarfe kafin ya bushe, kuma ta bunƙasa sosai bayan zuwan siminti. Ta uku, wadda ta zo daga baya, ita ce a shafe bango da farar ƙasa a zana da fenti mai haske. Sau da yawa akan haɗa biyu, a yi tudun sannan a bi shi da fenti, kamar yadda ake gani a ƙofar fadar Zazzau da kuma fadar Dutse.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwaikwayo. A tsohon bango mai tudu, launi ɗaya ne tal, na ƙasa, kuma inuwa ce ke fitar da zanen. Hoton da aka ɗauka da hantsi da wanda aka ɗauka da la'asar za su nuna bango ɗaya da fuska biyu. Mai koyon da bai lura da haka ba yakan ɗauki inuwa a matsayin baƙin layi, ya zana ta da fenti, aikin ya fito da nauyi a gefe ɗaya bai san dalili ba.

Siffofin ma suna da tarihinsu. A cikin gine-ginen ƙarni na 19, kamar masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, adon manyan layuka ne masu kauri da nutsuwa, sun fi yawa a ciki. A ƙarni na 20 ado ya fito waje, ya hau fuskar gidajen attajirai da 'yan kasuwa, inda dagi da takobi da wata da tauraro suka haɗu da keke da agogo da mota da jirgin sama. Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da babban nazari a kan wannan birni a 2007. Hotunan da ke cikin irin waɗannan littattafai suna da daraja a yau, domin damina da sabon gini sun cinye da yawa daga cikin bangayen.

Zaɓe da awo

Kuskuren farko da mai koyo yakan yi shi ne haɗama. Yakan so ya ɗauko fuskar fada gaba ɗaya, da zankayenta da ƙofarta, ya zuba a takarda ɗaya. Abin da ya dace shi ne yanki guda, kamar allon ado da ke saman ƙofa ko wanda ke gefenta, wanda bai wuce siffa babba ɗaya da iyakarta ba, launukansa kuma ba su wuce huɗu ba. In zai yiwu a je gaban bangon da ƙafa ya fi, bayan an nemi izinin masu gida. In hoto za a yi amfani da shi, to a ɗauke shi ana fuskantar bangon sosai, domin hoton da aka ɗauka daga gefe yakan mayar da da'ira ta koma kamar ƙwai, murabba'i kuma ya karkace.

Daga nan sai kallo, fensir yana ajiye tukuna. Ana neman amsar wasu tambayoyi: ina tsakiyar zanen take, faɗinsa sau nawa zai shiga tsawonsa, kaurin layi ɗaya ne ko yana sauyawa, wace siffa ce ake maimaitawa kuma sau nawa. Magini bai yi aiki da rula ba. Taƙi da kamu da faɗin yatsa su ne ma'auninsa, da'ira kuma ƙusa da zare ne ke fitar da ita. Shi ya sa a ado da yawa za a tarar kaurin layi da faɗin filin da ke tsakanin layuka kusan ɗaya ne, ko kuma ɗaya ya ninka ɗaya. Wanda ya gano wannan ma'auni ya gama rabin aikin, domin sauran siffofin duk daga gare shi suke fita.

Akwai dabarar raba hoto gida-gida, a ja layuka tsaye da kwance a kansa, a ja irinsu a takarda, a riƙa kwashe abin da ke kowane gida. Dabara ce mai kyau wajen faɗaɗa zane, kuma masu zanen allon talla suna amfani da ita. Amma tana da illa ga mai koyo, don tana iya sa ya kwashe zanen duka bai fahimci yadda aka ƙulla shi ba, kamar yaron da ya haddace karatu bai san baƙi ba. Ya fi kyau a taƙaita ta ga layuka huɗu: na tsakiya a tsaye, na tsakiya a kwance, da biyu masu ratsawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Sauran a gina shi da hankali. Ɗora takarda mai shara-shara a kan hoto a bi layi kuwa, wannan ba ya koya wa hannu komai.

Dagi

Babu siffar da ta kai dagi koyar da mai farawa. Yana bango, yana riga, yana jikin fata da ƙwarya, kuma tun zamanin Sardauna ya zama tambarin Arewa, saboda haka kowa yana ganin ya san shi. Sai an ba mutum fensir an ce ya zana, a nan yake gane kallo kawai yake yi masa.

Mafi sauƙin dagi zobba biyu ne masu tsawo, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, suna haɗuwa a wuri huɗu. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: igiyar da ta bi ta sama a wannan mahaɗa dole ta bi ta ƙasa a mahaɗa ta gaba, kamar saƙar tabarma. In aka ɗora yatsa a kan zobe ɗaya aka zagaya, za a ji sama, ƙasa, sama, ƙasa, har a dawo inda aka fara. A wani dagin akan ƙara murabba'i da ke ratsa hannuwan nan huɗu, kowane hannu sau biyu, sai mahaɗai su zama 12. Ƙa'idar ba ta sauya ba, wuraren yin kuskure ne suka ƙaru.

Hanyar gina shi ita ce a fara zana kowace igiya da siririn layi ɗaya, wanda zai zama ƙashin bayanta. In an tabbata hannuwan huɗu tsawonsu ɗaya, sai a ba igiyar kauri ta hanyar jan layi a kowane gefe nata, nisansu ɗaya daga tsakiya. A wannan mataki mahaɗai duk a buɗe suke, layuka suna ratsa juna. Sai a zaɓi mahaɗa ɗaya a yanke hukuncin wadda za ta hau, a goge layukan wadda ta shige ƙasa, daga nan a bi igiyar ana musanyawa. Hukuncin farko kaɗai ke hannun mai zane, sauran duk shi ne ke jan su. Wanda ya yi tsalle daga wannan mahaɗa zuwa waccan yana gogewa yadda ya ga dama, zai iso ta ƙarshe ya tarar igiya ta hau sau biyu a jere, kuma dagin ya kwance. Ko wanda bai san zane ba yakan ji wani abu bai zauna ba a irin wannan dagi, ko da ya kasa nuna wurin.

Akwai masu koyarwa da ke sa ɗalibi ya fara ƙulla dagin da igiyar gaske a kan tabarma kafin ya zana shi. Dabara ce mai hikima, domin hannu yakan riƙe abin da ya ƙulla fiye da abin da ido ya gani.

Shimfiɗa da launi

Takarda mai kauri ta isa ga gwajin farko, amma falanki ko guntun silin ya fi kusa da bango, kuma ba ya lanƙwashewa in ya sha ruwa. A goge shi da samfefa, a shafa farin fentin ruwa sau biyu, a bari kowane shafi ya bushe. Wannan farin shafi shi ne madadin farar ƙasa, kuma shi ke sa ja da rawaya su yi haske.

Fenti iri-iri ne. Na akirilik ruwa ake sirka shi da shi, yana bushewa cikin mintuna, da hunturu ma har ya bushe a bakin burushi, kuma yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe. Fentin mai, irin na ƙofa da taga, shi ne ya fi kama da abin da ke jikin fadoji, amma yana ɗaukar sa'o'i da yawa, yana kwasar ƙura, kuma sai da kananzir ake wanke burushinsa. Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya yana iya haɗa nasa. A tankaɗe jar ƙasa da rariya mai laushi, a daka gawayi ya yi luƙui, a samo farar ƙasa da bular wanki, a kwaɓa kowanne da ruwan ƙaron da aka jiƙa ya kwana. Tawadar allo da haka ake yin ta, kuma ƙaron nan da ake fitarwa daga Sudan da Chadi da arewa maso gabashin Najeriya shi ne dai abin da kamfanonin Turai ke riƙe fentin ruwansu da shi.

Ana fara shafa launi mai haske, a ƙare da mai duhu, domin shuɗi yana rufe rawaya amma rawaya ba ta rufe shuɗi. Ana fara cike manyan filaye kafin ƙanana. Rawaya takan buƙaci shafi biyu, kuma gara shafi biyu marasa kauri da guda ɗaya mai kauri, wanda yakan tsattsage. Kada a shafa launi kusa da wanda bai bushe ba. Kafin a taɓa allon, a gwada kowane haɗi a gefen takarda a bari ya bushe, a kara shi da na asali. Launin da ke fitowa daga gwangwani yakan fi na bango tsawa, domin na bango ya sha rana da ƙura. Ɗigon ruwan ƙasa a cikin kore ko shuɗi yakan kwantar da shi.

A nan mai koyo zai yanke shawara: bangon zai zana yadda yake yau, da koɗewarsa da tsagarsa, ko yadda yake ranar da magini ya sauko daga tsani? Ga mai farawa na biyun ya fi, domin kwaikwayon tsufa wani fanni ne daban, kuma yakan zama mafakar hannun da bai iya shafi mai tsabta ba.

Layin iyaka shi ne na ƙarshe, kuma shi ne jarrabawa. Ana jan sa da siririn burushi mai dogon gashi, fentin an sirka shi ya yi kamar tawada. Ƙaramin yatsa yana dafe allon, numfashi a riƙe, a ja layin zuwa wajen jiki a tafiya ɗaya, a juya allon maimakon a karya wuyan hannu. Layin da aka ja da ɗar-ɗar, guntu-guntu, yakan fito da ƙaiƙayi. Kuma ba a son a nemi miƙewar rula. Layin magini yana ɗan numfashi, yana kauri a nan yana sirancewa a can, kuma in aka daidaita shi da rula da kamfas sai aikin ya koma kamar tambarin da aka buga a inji. Bambance rawar hannun gwani da kuskuren hannun ɗan koyo yana cikin abubuwan da ba sa samuwa sai da yawan yi.

Mai son ya ɗanɗana aikin tudu yana iya manna igiya a kan layukan da gam, ya shafe ta da farar ƙasa da aka kwaɓa da gam ɗin, ya bar ta da launi ɗaya, ya jingine allon inda rana za ta buge shi daga gefe.

Bayan kwafi na farko

Kwafi ɗaya ba ya isa. Na farko ana yin sa ana kallon asali. Na biyu ana yin sa an kife hoton, sai an gama a buɗe a gwada, kuma wuraren da suka saɓa su ne wuraren da ba a fahimta ba tun farko. A na uku ake sauya abu ɗaya da gangan, ko launi, ko yawan hannuwan dagi, ko a cire takobi a sa wani abin da mai zanen ya sani a rayuwarsa. Maginan da suka ɗora keke da jirgin sama kusa da dagi abin da suka yi ke nan, kuma ba wanda ya ce sun ɓata gado.

Tarihin zanen zamani a Najeriya ya bi ta wannan hanya. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu zane irin na Ingila kamar ƙasarsu ba ta da nata. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya, ya nazarci layukansa har suka zama harshen hannunsa, kuma daga baya salon ya kafu a jami'ar Nsukka. A Jos kuma, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka sake gina masallacin Zariya da ƙasa bisa awon da aka ɗauka na asalin. Kwafi ne, amma ya adana fasalin da gyare-gyaren shekarun 1970 suka sauya a Zariya.

Wani misali daga Tanzaniya yana nuna fuska biyu na lamarin. Edward Saidi Tingatinga ya fara zane a Darussalam a 1968, da fentin keke a kan guntayen silin. Shekara huɗu kacal ya yi yana aiki kafin harsashin ɗan sanda ya kashe shi a 1972, amma ya riga ya koya wa wasu 'yan uwansa ta hanyar sa su maimaita zanensa. Su ma suka koyar da wasu, har aka yi wa ƙungiyarsu rajista a 1990, kuma salon yana ciyar da gidaje da yawa har yau. Sai dai kasuwar 'yan yawon buɗe ido ta sa wasu sun tsaya a kwafi na farko, suna maimaita raƙumin dawa ɗaya shekara da shekaru. Waɗanda sunansu ya fito daga cikinsu su ne waɗanda suka riƙe salon suka kawo sabon abin zanawa.

Saura batun haƙƙi. Dagi ba na kowa ba ne, kowa yana iya zana shi ya sayar. Amma tsarin wani bango takamaimai, yadda aka jera siffofinsa da launukansa, aikin wani magini ne ko da sunansa ya ɓace, kuma in mai zanen yana raye to sai da izininsa za a sayar da kwafin aikinsa. Al'adar masu zane ita ce a rubuta a bayan allo cewa kwaikwayo ne, a ambaci garin da unguwar da bangon yake, da sunan maginin in an sani, da ranar da aka kwafa. Wannan rubutu yana kare mai koyo daga zargin satar fasaha, kuma a unguwannin da ake rushe gidajen ƙasa ana ɗora bulo, sau da yawa shi ne kaɗai shaidar da za ta rage cewa an taɓa yin bangon.